A Bar Kullu Ya Tashi

Ƙarfe uku na dare nake hura tanderu,
ƙarfe biyar burodi ya hau tire,
kafin shida na ɗaure igiyar takalmi,
na bar wa Nicanor shago, na fice.
Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin dutse,
ko ka hau matakala ko ka sauka,
duk wadda ka zaɓa, gwiwa ce mai biya.

Wata huɗu ke nan ina biya.
Shekara arba'in da bakwai a wuyana,
ga tumbin da ɗanɗanen burodi ya gina mini.
Ranar farko ban kai tashar jiragen ruwa ba
na jingina da bango, ina huci kamar zugazugi.
Wani kare mai kunne ɗaya ya tsuguna yana kallona,
irin kallon da likita ke yi kafin ya yi magana.

Ermelinda ce ta tsara mini jadawali,
tsohuwar malamar motsa jiki da ke benen samanmu.
A bayan takardar kuɗin wuta ta rubuta:
Talata goma, Alhamis tudu, Lahadi doguwa.
Lahadin nan ta yi ta tsawo kamar bashi,
sha takwas, ashirin da biyar, talatin da biyu,
cikin ruwan Yuli mai sanyi,
bakin teku har inda gidaje suka ƙare,
gishiri a leɓena, ban san nawa ne ko na tekun ba.
Farce biyu suka yi baƙi suka faɗi.
Na nuna wa matata,
ta ce in sauke ƙafa daga teburinta.

Da ya rage mako uku
tsohuwa ta ja layi, ta ce, "Rage."
Na ce, "Yanzu da ƙafa ta gane hanya?"
Ta ce, "Rage. Mako mai zuwa ka ƙara ragewa.
Na ƙarshe kuwa, yi kamar ka manta."

Ashe hawan tudu ya fi zama sauƙi.
Ciwon da babu shi ya fara yawo a jikina,
yau idon sawu, gobe ƙugu, jibi ya koma.
Wani ya yi atishawa a mota, na sauka tun ban iso ba.
Na wanke tanderu sau biyu a rana ɗaya.
Na yi wa Nicanor faɗa kan gishiri,
alhali ni na zuba.
Ina jin wata huɗun nan na zurarewa ta tafin ƙafata
kamar fulawa daga buhun da ɓera ya huda.

Daren Laraba na kasa.
Na fito da sanɗa, takalmi a hannu,
sai ga murya daga sama, tana ba furanni ruwa:
"Baltasar, minti nawa kake murza kullu?"
Na ce ashirin.
"Daga nan fa?"
Na ce in rufe shi da ƙyalle in ba shi baya.
"In ka ci gaba da murzawa fa?"
Na ce ya mutu, ko kare ba zai ci ba.
Ba ta ƙara ko uffan ba. Ta rufe taga.

Gobe ne.
Arba'in da biyu da 'yar ɗoriya,
kuma ɗoriyar nan, an ce, ita ce mai cizo.
Lambata na maƙale a riga da fil huɗu,
ɗaya a karkace, na bar shi haka.
Ban san ko zan kai ba.
Ina zaune kan buhun fulawa, ƙafafuna na ƙaiƙayi,
fitila ɗaya ce a kunne.
Can a kan tebur, ƙarƙashin farin ƙyalle,
ba wanda ya taɓa shi,
amma yana tashi.